Gadon da na auna wa jikana

Har yau ban yafe wa kafintan nan na Kalgo ba, kuma ba ni da niyya. Na san laifin nawa ne, amma shi ma ya san abin da ya yi.

An kwana biyu da yin abin, shekarun baya ne, lokacin da ɗiyata ta fari ta dawo gida Gwandu goyon ciki. A Kalgo take aure. Ni kuma shekarata biyu ke nan da shiga makarantar manya, na haura arba'in, na iya rubuta sunana da lambobi har ɗari, kuma babu wanda ya huta a gidanmu. Ko kaza ta yi ƙwai sai na ɗauko biro na rubuta ranar.

Ɗiyar nan tawa tana da mugun barci. Ta kwanta kai a gabas, ta wayi gari kai a yamma, ƙannenta kuwa babu wanda bai sha danna ba. Shi ya sa na ce jaririn ba zai kwana gado ɗaya da ita ba. Mahaifiyata ta ce mu tara ta haifa, duk a gefenta muka kwana, ga mu nan da ranmu. Na ce mata ita barcin kaza take yi, jikarta kuwa barcin turmi. Maƙwabta suka ce ba ni da kunyar ɗiyar fari, wace uwa ce ke rawar ƙafa haka a kan haihuwar 'yar fari. Na ce kunyar ta jira ni sai bayan suna.

Na raka ta awo, malamar asibiti ta yi mana bayani: katifa mai tauri, ban da filo, ban da tulin zannuwa, a sa gidan sauro, kuma sandunan gefe su matsu yadda kan jariri ba zai shige ba. Awo na gaba na ɗauko tef ɗin ɗinkin ɗiyata, na durƙusa gaban ɗan gadon jarirai na asibitin na auna shi da kaina. Tsawo 90, faɗi 50, tsakanin sanda da sanda 6. Malamar ta miƙo hannu za ta duba mini takardar, na naɗe abata na ce ba yau na fara rubutu ba.

Surukina ya ce yana da kafinta a Kalgo mai aiki da kyau, na ba shi takardar ya kai. Bayan kwana biyu wayata ta yi ƙara, kafintan ne.

"Hajiya, yaron nan shekararshi nawa?"

Na ce yana ciki tukuna.

"To su nawa ne a cikin?"

"Malam, kai likita ne ko kafinta? Abin da na rubuta shi za ka yi."

Sai ya ce to. Wannan to ɗin ne ban yafe ba.

Ta haihu lafiya, namiji. Kwana uku da haihuwa, gida cike da 'yan barka, sai ga ƙaramar motar kaya ta tsaya ƙofar gida, uwar mijin ɗiyata na zaune gaba. Maza huɗu suka sauke abin. Da ƙyar ya wuce zaure, a karkace, ya kankare mana bango. Ƙofar ɗaki kuwa ko gwadawa ba a yi ba. Aka ajiye shi tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya.

Gado ne da ni da maigida za mu kwanta mu bar wuri. Ga shinge kewaye da shi, tsakanin sanda da sanda kuwa tafin hannuna a buɗe yana wucewa. Ana cikin kallo ɗan akuyarmu ya shiga ta nan ya fita ta can, ko gashinsa bai gogi katako ba.

Uwar mijin ta gyara mayafi ta ce, cikin ladabi ƙwarai, a Kalgo mutane sun yi ta zuwa shagon kafintan kallo, har ana tambayarta ko 'yan huɗu ake jira aka ɓoye. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta zagaya shi sau biyu, ta ƙwanƙwasa katakon, ta ce idan ba mu so tana da maruƙa biyu masu tsinke igiya. Maigida ya leƙo, ya duba gadon, ya dube ni, ya ce bari ya je masallaci. Ko azahar ba ta kusa ba.

Ni kuwa na kafe. Na ɗauko littafina na nuna wa kowa lambobin, na ce kafinta ne bai iya karatu ba. Ɗiyata ta ce a miƙo mata tef ɗin. Ta tambaye ni ina na karanta, na nuna mata. Sai ta juya shi. Ashe abin nan fuska biyu gare shi. Ni na karanta ɓangaren ƙananan lambobi, na santimita, kafinta kuwa da inci yake aiki. Bawan Allah bai ƙara ba bai rage ba, abin da na rubuta ya yi.

Aka yi dariya har da masu hawaye. Mahaifiyata ta taso wurin gadon. Ta sa aka cire mata gefe ɗaya, ta shimfiɗa tabarmarta ciki ta miƙe, ta ce ita dai ta samu wurin shan iska, Allah ya ƙara ilimi.

Da mutane suka watse ɗiyata ta kira ni ɗaki. Ba ta dariya. Ta ce, "Inna, jiya na farka na iske hannuna bisa fuskarshi. Ban san sa'adda na juya ba."

Nan fushina ya sauka. Yini guda ina kare lambobina, na manta dalilin da ya sa na rubuta su. Ranar a wurina yaron ya kwana.

Yanzu yaron yana firamare, shi ke gyara mini karatu, kuma ina barinsa. Makaranta ban daina ba. Abin da na daina shi ne naɗe takarda idan wani ya miƙo hannu zai duba. Amma kafinta har gobe ina nan kan bakana: wanda ya ga gadon jariri ya kai tsawon ɗaki, ba sau ɗaya zai kira ba, ko da an zage shi.

Washegarin ranar da aka kawo gadon, da sassafe na shiga rumfar kara na zaɓi biyu miƙaƙƙu. Na kwantar da yaron bisa tabarma, na gwada, na ƙara masa wurin girma, na karya ɗaya tsawo ɗaya faɗi. Na ɗaure su da zare na hau motar Kalgo. Na iske kafintan yana buɗe shago, na dire masa karan bisa benci, na ɗaga masa yatsuna uku a haɗe na ce tsakanin sanduna ke nan. Sannan na jawo kujera na zauna, na ce ina nan sai ya gama.