Ƙoƙon bammi a auren ƙanena

Yarinyar da ƙanena ya kawo mana 'yar Kamaru ce, daga yankin masu Turanci. Ta gudo ne bayan da samarin yankinsu suka ce a raba ƙasa, soja suka zo suka ƙone ƙauyensu. Babanta bai fito da rai ba. Tana sayar da doya a Agyaragu, can suka haɗu.

A al'adarsu uba ne ke miƙa wa 'yarsa ƙoƙon bammi tana durƙushe, ta kai wa mijin da ta zaɓa. In ba a yi haka ba, babu aure. Kawunmu, wanda bai taɓa rasa dabara ba, ya ce ai abin mai sauƙi ne: akwai wani tsohon makanike ɗan Kamaru a bayan tasha, shi zai tsaya mata. A wurinmu a Lafia, baƙi biyu daga ƙasa ɗaya ai 'yan'uwa ne. Bai tambayi kowa ba.

Ranar bikin tsohon ya shigo da babbar riga, ya gaishe ta da Faransanci.

Ina kusa da ita. Ta ce mini, "Yaya, da wannan yaren soja suka ba da umarni a ƙauyenmu. Ba zan durƙusa masa ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan fara zagi. Ga tukwane a wuta, ga dangi daga Obi sun cika tsakar gida, ga ƙanena ya tsaya kamar an dasa shi. Kawu sai maimaitawa yake, "To ba ƙasarku ɗaya ba?" Na ce masa, "Kawu, don Allah ka yi shiru."

Tsohon ya zauna riƙe da ƙoƙon. Da ya buɗe baki, da Hausar tasha ya yi magana.

"Yarinya, ni ba babanka ba ne, ba zan zama ba. Ɗana malami ne, an tura shi koyarwa yankinku. Yaran daji, masu neman a raba ƙasa, sun ɗauke shi don ya buɗe makaranta. Ko gawa ba mu gani ba. Na san daga ina ka fito tun kafin na sa riga."

Babu wanda ya motsa. Ni dai tsoro ya kama ni, na ce a raina yau bikin nan ya watse.

Ya ce, "Kar ka durƙusa. Karɓa a tsaye."

Ta dube shi, ta dubi ƙanena. Ta miƙa hannu biyu ta karɓa. Kafin ta ƙetare tsakar gidan rabin bammin ya zube a zanenta. Ƙanena ya shanye sauran.

Tsohon bai jira abinci ba. Na bi shi da kwano har ƙofa, na same shi ya jingina da bango yana kuka.