Ranƙwashi a Gaɓa ta Huɗu

Babanmu malamin Turanci ne a wata firamare a Basirka, kuma Allah ya ji ƙansa, mugu ne. Ba a allo yake raba kalma ba, a kan yaro yake raba ta. Kowace gaɓa ya ɗan taɓa ka da yatsa, gaɓar da ake danna wa murya kuwa ranƙwashi ce. In an tashi makaranta, kan Yayana ne allonsa na gida.

Kalmar da ya fi so ita ce responsibility. Ris-pon-si-bi-li-ti, gaɓa shida, nauyin a ta huɗu. Yakan ce asalinta response ne, sauran jela ce aka ɗaura mata, jelar ce kuma ta janye nauyin daga pon zuwa bi. Yaya kullum a pon yake dannawa. Ko ran da ya faɗa daidai sai ya sha, wai don ta zauna.

Bayan Baba ya yi ritaya ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Da za a sallame mu daga asibiti a Birnin Kudu, likita ya ce maganarsa za ta iya dawowa in ana sa shi furta kalmomi gaɓa-gaɓa, da haƙuri. Na fara masa da kalmar ruwa, da ta tuwo. Har ya soma kiran Inna.

Sai Yaya ya zo daga Gwaram, inda yake sayar da taki, ya ce in bar masa wannan aikin. Ya jawo kujera, ya cire wa Baba hula.

"Baba, responsibility."

Ina tsaye da kwanon kunu. Baba ya yi ta fama, yawu na zuba a rigarsa. Can dai ta fito, a karkace amma cikakkiya, nauyin a bi. Wallahi na ga murna a idon Baba.

Yaya ya lanƙwasa yatsa ya sauke masa a tsakar ka. Har ƙarar na ji.

"Don ta zauna," in ji shi. Ya mayar masa da hular, ya gyara mata zama.

Na watsa wa Yaya kunun, na kira shi la'ananne. Har yau ban yafe masa ba, ko da yake na san wanda ya koya masa.

Washegari na kawo wa Baba kofin ruwa, na durƙusa, na ce, "Baba, ru-wa." Ya dube ni, ya datse bakinsa, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya rufe kansa. Har ya rasu bai ƙara cewa komai ba.