Mai Kare a Kasuwar Ajingi

Ga shi can a bakin kasuwar Ajingi, bayan masu awon gyaɗa, inda ba wanda zai ce karensa ya taɓa masa riga. Dogo ne siriri, ƙaho a rataye, daga gani mafarauci ne. Igiyar rama ya naɗe a hannun hagu, ɗaya bakin yana wuyan wani baƙin kwikwiyo. Ina jin ba shi da kowa, don da karen yake hira. Sai ya ajiye ƙashi ya ce, "Kul, Duna!" kare ya kwanta yawu na zuba.

Wallahi tausayi karen ya ba ni, na jefa masa ƙosaina, ya kuwa cafke. Mutumin ya finciko igiya ya zuba masa tsumagiya, kare na kuka.

Ya juyo. "Samari, uwarsa abin hannun baƙo ta ci, ashe da guba. Sake jefo masa."

"Baba, yi haƙuri."

"Jefo dai."

Na jefa. Duna ko shinshinawa bai yi ba, ni yake kallo, ga shatar tsumagiya a bayansa.