Zane Uku na Yaya Isuhu

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Yaya Isuhu makwancinsa a nan Dakoro. Bisa al'ada, mai rubutu irin wannan yabo yake jerawa, ya roƙa wa mamaci gafara, ya aje alƙalami. Ni ma haka na so. Amma tsoro ne ya zaunar da ni gaban takarda, kuma gara in faɗa tun farko: akwai ƙarfe biyu da suka fito daga rumfar yayana suna yawo a karkarar nan. Ni na sake su da hannuna, kuma kowannensu yana iya raba mutum da hannunsa, ko da ransa.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Shi ya gaji maƙerar gidanmu, ni aka tura lakwal, wato makarantar boko, na zama mushe, malamin makaranta ke nan, na ƙare rayuwata da alli. Da injin yankan itace ya fara shigowa ƙasar nan, a hannun masu sassaƙa turmi da masu yanka itacen bakin rijiya, Yaya ne ya fara gane ciwonsa. Injin yana da wani dogon ƙarfe mai faɗi a gaba, wanda sarƙa mai haƙora ke zagayawa a kai. Yaya yana kiransa harshe. A gefen harshen akwai siririn kwari tsakanin leɓɓa biyu, nan sarƙar ke gudu. To ƙasarmu ta rairayi ce, ɓawon kowace bishiya cike yake da yashi, ga mutanenmu da zuba wa sarƙa baƙin man da mota ta gama da shi. Ba a jimawa leɓe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, kwarin ya buɗe, sarƙa ta kama rawa, yanka ya karkace. In aka ƙyale, wata rana sarƙar ta yi tsalle ta fice, kuma ba ta tambayar ina fuskar mai inji take.

Na sha zama a rumfarsa bayan la'asar ina kallo. Zai goge leɓɓan da magagari har su daidaita, ya kankare kaifin da ya tashi a gefe, ya sa siririn ƙarfe cikin kwarin ya bi da guduma a hankali har bakin ya matse daidai, ya tsokace ramin mai da tsinke. Sa'an nan ya ja wa mai inji kunne ya riƙa juya harshen kamar mai suyar waina, kada gefe ɗaya ya ci wuya shi kaɗai. In na sa baki da wata shawara, ko ɗagowa ba ya yi. "Mushe, koma wajen allonka, nan ba a goge kuskure da tsumma." Ni kuwa da girman kan ɗan boko, ban taɓa tambayarsa komai da gaske ba. Kallo nake ina ganin na gane.

Ciwon kwana tara ya ɗauke shi, cikin damina. Bayan sadakar arba'in aka ɗora mini tattara kayan rumfa don rabon gado. A lungu na tarar da buhu, a ciki harshe goma sha ɗaya, an shafe su da mai, an naɗe kowanne da tsumma, wasu har leɓɓansu na sheƙi da sabuwar guga. Kowanne da zane uku na magagari a gindinsa, a jere, tsaf. Na ce a raina, Allah sarki, aikin da ya gama bai kai ga sayarwa ba, ga ma sa hannunsa. Mutumin da bai yi boko ba, ai da magagari zai sa hannu. Ranar kasuwa na shimfiɗa su a kan tabarma, ni da bakina nake nuna wa masu saye: gyaran marigayi ne, ga alamarsa. Kafin azahar tabarma ta koma wayam.

Matarsa, Yaya Dije, tana cikin takaba a lokacin. Ba wanda ya tambaye ta, don a ganinmu ba a damun mai takaba da zancen ƙarfe, kuma mece ce haɗin mace da maƙera? Sai da ta fita, na je gaishe ta, tana tankaɗe a tsakar gida, ta ce mini:

"Mushe, ina kunka kai matattun nan na cikin buhu?"

Na ce waɗanne matattu. Ta aje rariyar.

"Masu zane ukku. Waɗanda kwarinsu ya ƙare, ba su gyaruwa. Amshe su yake ga masu su don kar su maida ma inji, in rani ya yi shi ƙera wuƙaƙe da su. Kar dai ka ce mini saida su kunka yi?"

Ashe sheƙin da na gani na gwaji ne: sai ya goge ya auna, in ya ga kwarin ya yi gajere har ƙafar sarƙa na taɓa ƙasansa, ya ja masa zane uku, ya yanke masa hukunci. Shekara talatin tana kai masa fura rumfa, ta san abin da ni mai takardar shaida ban sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa rashin tambaya ne, kuma wannan ya fi muni.

Ban kai ga fara nema ba labari ya riga ni. Laminu, wani magidanci mai sassaƙa turmi a wajen Rumbu, yana yanka kututturen busasshen gawo sarƙa ta fice ta naɗe masa hannun hagu. Aka kawo shi likita, wato asibiti, a amalanke. Ya rayu, amma yatsu uku sun tafi, sana'a ta bi su. Na je na durƙusa gabansa na faɗa masa gaskiya. Ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Har yau in mun haɗu shi ke fara miƙo mini hannun dama, ɗayan yana cikin aljihu.

Tun daga nan na zama maroƙin ƙarfe. Na bi ƙauyuka a bayan moto, wato babur, na tsaya duk inda na ji kukan inji, ina roƙon a kashe a nuna mini gindin harshe. Wasu suka ɗauke ni ɗan leƙen asirin ma'aikatan gandun daji, suka ɓoye injinsu cikin rumbu. Wasu suka ce tsufa ya taɓa mushe. A shekara huɗu na karɓo takwas, na kai wa wani maƙeri ya lanƙwasa su a gabana. Da na Laminu tara. Na goma an ce wani ɗan tireda ya yi arewa da shi, ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Injina sun yi arha, sun yi yawa, itatuwa kuwa sun yi ƙaranci, har mutum ya hau bishiya da inji a hannu ɗaya don reshe guda. Harshen da ya cinye, yanzu wajen masu liƙin ƙarfe ake kai shi, su cika leɓɓan da wuta, su shafa fenti, ya fito kamar ango. Ba mai aunawa, ba mai cewa wannan ya mutu. Na san ba zai yi dogon wa'azi ba, tsaki zai ja ya karɓe ƙarfen ya jefa lungu, mai shi ya yi ta faɗa. Abin da ban sani ba, kuma nake jin tsoron sani, shi ne abin da zai ce da ni.

Watan jiya na ga na goma sha ɗaya. Wani dattijo ne daga wajen Badar Gula, ya tsaya shan isansi, wato man fetur, da inji ɗaure a bayan moto. Na leƙa, ga zane uku. Na gaishe shi, na faɗa masa ko ni wane ne, na faɗa masa komai, na ce zan sayo masa sabo fil a madadinsa. Ya ce a hannun wani ya saya, ya ajiye shi shekaru, yana tattalinsa, sai bana da harshen injinsa ya ƙare ya ɗaura shi. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, ni na san Isuhu. Abin da ya hito hannunai bai cutar mutum. Kai kuwa yau na hwara ganinka."

Ya tada moto ya tafi. Na bi shi da kira har muryata ta dushe, ko sunan ƙauyensa bai ba ni ba.

Rumfar Yaya yanzu mai cajin waya ne a ciki, magagarinsa ya yi tsatsa a ɗakina. Abin da ya rage nasa a duniya yardar da mutane suka yi da hannunsa ce, yarda mai nauyi, wadda shekara bakwai ba su rage mata komai ba. Shi ya tara ta da gaskiya, ni na ɗora ta a kan ƙarfen da ya kashe. Don Allah mai karatu, in kana da inji, ko maƙwabcinka na da shi, ka duba gindin harshen, in ka ga zane uku ka kwance shi yau, kada ka jira gobe. Wannan maganar Isuhu ce, ba tawa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni kam duk ranar kasuwa, in na hango amalanke ta nufi likita da mutum a kwance, ba na iya tambayar ko wane ne. Hannuwansa nake fara dubawa.