Ranar da Na Auna Rumbun Baba

Wata ranar Laraba a farkon bazara, ina aji shida na firamare a ƙauyenmu da ke gabashin Zurmi, na dawo daga makaranta ko kayana ban tuɓe ba, na kwance igiyar gugan Inna na zagaye rumbunmu da ita. Kaji sai kallona suke yi, ƙanina Sani kuma yana riƙe mini bakin igiyar yana tambaya ko rumbun zan ɗaure don kada ya gudu. Ban kula shi ba, domin abin da ke cina ya fi ƙarfin wasa. Kwana biyu kafin nan, ina tankaɗe a bayan ɗaki, na ji Baba yana gaya wa Inna cewa hatsin bana ba zai kai mu sabon gero ba, don haka za a kai ni wurin Gwaggo a Kaura Namoda. Ni ce babba, ni za a rage.

A makon ne Malam ya koya mana yadda ake gane abin da mazubi zai ci. Ya jera akwatin alli da gwangwanin madara a kan tebur, muka yi ta cika su da yashi muna juyewa, har ya ce duk abin da ya tashi kamar gwangwani, a nemo faɗin gindinsa a ninka da tsayinsa. Ni da lissafi kuwa kamar wuta da auduga muke, amma ran nan na kasa kunne, don na lura rumbunmu gwangwani ne babba mai hular ciyawa. Na auna kewayensa, na auna tsayinsa da gorar kakkaɓo mangwaro, na auna tiyar Inna da rula, na zauna a gindin turmi na yi ta bugawa har la'asar. Amsar ta nuna hatsin zai kai mu kaka har da ragowa. Murna ta hana ni ko shan ruwa.

Da Baba ya dawo daga masallaci na tare shi da takardar. Bai iya boko ba, amma ya karɓa ya duba kamar ya iya. A gidanmu ba mai leƙa rumbu sai maigida, ko Inna sai dai a miƙo mata dami. Ran nan ya jingina tsani, ya ɗaga hular, ya ce in hau. Na leƙa, sai duhu da ƙamshin gero, dammunan can ƙasa. Ya zura kara ya fito da shi, ya sa babban yatsa inda hatsin ya tsaya.

"Ɗiyata, rumbu kinka auna, ba hatsi ba," in ji shi. "Ga tsayin nan. Kuma rabi nai ƙaiƙayi na."

Na sauko na sake zama. Na sake lissafin da tsayin da ya nuna, na cire rabi, na raba wa baki bakwai na gidanmu, ya ba ni wata shida, alhali sabon gero sai bayan wata bakwai. Ba wanda ya sa ni, na soke baki bakwai na rubuta shida. Sai ya fita wata bakwai cif, ba ragi ba ƙari. Baba ya tambayi abin da na samu, na gaya masa. Ya dafa kaina ya shige ɗaki. Na yi kuka ran nan har Sani ya taya ni, bai ma san dalili ba.

Ranar Asabar aka ɗora ni a babur. Gwaggo ta riƙe ni da amana, na yi karatu, ga shi yau ina auno buhu guda in ajiye ba tare da na ƙirga bakin kowa ba. Amma ban sake zaman gidanmu ba sai dai ziyara. Baba ya rasu ina aji uku na sakandare, su Inna kuma rashin tsaro ya taso su, ƙauyen ya koma kufai. Har yanzu nakan so a ce na yi kuskure ran nan. Shi ne lissafi na farko da na ci daidai, kuma shi ya fitar da ni daga gida.