Farar ɗamarar da na ɗaura wa Baba

Shekarun baya, lokacin da duk inda ka juya a Abuja gini ake yi, wayar salula kuma ta fara shiga hannun kowa, na gama sakandare ina zaman jiran jami'a a gidanmu da ke Karu. Ni dama ba ni da haƙuri, kuma ban taɓa ɓoye hakan ba. Wata rana a bas ɗin Nyanya wani kwandasta ya kai hannu inda bai kamata ba. Na ɗauke shi da mari, shi kuma ya hankaɗa ni cikin kwata, mutane na dariya. Da na ba ƙawata labari, sai ta ce akwai wani zaure a bayan wata firamare inda ake koyar da judo, kokawar nan ta mutanen Japan. Washegari na je. Niyyata ɗaya ce, in koyi yadda ake buga ƙato da ƙasa.

Kocinmu mutumin Filato ne, gajere, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Ya ba ni farar riga mai kauri da doguwar farar ɗamara irin ta sabon shiga, ya nuna mini katifa. Wata biyu cur ban yi komai ba sai faɗuwa. In manna haɓa a ƙirji, in tafi da baya, in doki katifa da hannu, in tashi, in sake.

Ranar da abin ya ishe ni na ce, "Oga koci, ni fa ba faɗuwa na zo koya ba. Wannan kwandasta ya riga ya koya mini ita kyauta."

Ya ce, "Kai dai yi. Bakinka ya fi ƙafarka sauri."

Daga baya ya koya mini ɗaga mutum. Ashe ba da ƙarfin hannu ake yi ba. Gwiwa ake lanƙwasawa, a miƙe baya, a shigar da ƙugu ƙarƙashin nauyin mutum, sai ƙafafu su yi aikin. Ranar da na fara kayar da wata mata da ta kusa ninka ni, don murna na sake ta na ɗaga hannu sama ina ihu. Ta sauka a kan kafaɗa, ta kwanta tana nishi. Ban taɓa ganin ran koci ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Wanda ka ɗaga, kai ne da shi har ya kai ƙasa lafiya. Ba a sakin hannun riga." Mako guda ya zaunar da ni a gefe ina kallo. Na yi ta tsaki a raina.

Duk wannan a gida an ɗauka koyon kwamfuta nake zuwa. Mahaifina ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, mutum mai jiki, mai tsare gida. Ni ce 'yar fari, don haka tun da na yi wayo bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dafa ko kaina ba. In yana da magana da ni, Mama yake faɗa wa ko da ina tsaye a wurin. Wani abokin aikinsa ne ya gan ni na fito daga zauren ya kai masa labari. Da yamma ya dubi Mama ya ce, "Gaya wa yarinyar nan, ban haifi 'yar da za ta riƙa kokawa da ƙarti ba. In ta sake zuwa, ta nemi wani uban." Rigar kuwa ya mayar da ita tsummar goge mota. Ɗamarar ce kawai ta tsira, don tana ƙarƙashin katifata.

Na yi wata bakwai ina gaishe shi da baki kawai, zuciyata na tafasa. Sai wata safiya yana shirin ofis, yana sa hula, ya yanke jiki. Hawan jini. Bayan mako uku a asibiti aka dawo mana da shi ɓarin hagu ya shanye, baki ya karkace, magana sai an kasa kunne. Likita ya ce a riƙa kawo shi gashi da motsa gaɓoɓi sau uku a mako, in aka yi wasa ƙafar za ta sandare, shi ke nan shi da tafiya.

Mu huɗu ya haifa, duk mata. Mama 'yar ƙarama ce, ga ciwon baya. Maƙwabta sun taimaka a farko, amma nan Abuja ne, kowa yana sallame asuba yake fita don gudun cunkoso. Sai Baffa, ƙanen Baba, ya zo daga gida ya ce zai tafi da shi ƙauye. "Gida babu namiji. Wa zai ɗaga shi? Wa zai kai shi bayi? Can akwai maza." Mama ta ce can babu wurin gashi. Ya ce, "Allah ke ba da lafiya, ba gashi ba. Ranar Asabar mota za ta zo." Mama ta shiga ɗaki tana kuka, don ta san in ya tafi a kwance zai ƙare.

Ranar Alhamis da hantsi muka ji ƙara daga banɗaki. Ashe Baba ya gaji da kiran mutane, ya ja jiki shi kaɗai yana bin bango. Tayil na da santsi, ya faɗi tsakanin masai da bango, zanensa ya kwance. Mama ta ja hannunsa, ko motsi. Baffa ya sunkuya ya cusa hannu a hammatarsa, ya yi nishi, bayansa ya amsa, ya saki. Ya ce a kira masu shagon bakin titi. Sai Baba ya yi wani sauti da ban taɓa ji ba, yana girgiza kai, hawaye na bin gefen bakin da ya karkace. Mutumin da ake miƙe wa tsaye a ofis, ba ya son 'yan shago su gan shi haka.

Na je na ɗaga katifata na ɗauko ɗamarar. Na ce, "Baffa, matsa."

"Ke! Ba ki da kunya? Ubanki ne fa!"

"Na sani. Matsa."

Na fara jefa masa tawul na rufe shi. Na zagaya ɗamarar a ƙugunsa sau biyu, na ƙulle yadda koci ya koya mana. Na tokare gwiwarsa marar lafiya da tawa, na ɗora hannunsa mai lafiya a hannun rigata. Na ce, "Baba, sauke haɓarka. In na ce uku." Ya juya fuska ga bango. Na lanƙwasa gwiwa, na ƙirga, na miƙe da shi.

Ya taso. Abin da ya karya mini zuciya shi ne bai kai nauyin da na zata ba. Ina jin ƙashin haƙarƙarinsa, ina jin ƙamshin sabulu da man zafi. Shekara goma sha tara ina gidansa, ranar na fara sanin ɗumin jikinsa. Na kai shi kujera na zaunar a hankali, ban saki ɗamarar ba sai da ya daidaita. Ranar Asabar mota ta zo, Baffa ya shiga shi kaɗai.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Shekara ɗaya da wata biyar ina ɗaga shi, daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa mota, daga mota zuwa ɗakin gashi. Jami'a ta wuce ni a shekarar. Ya fara takawa kaɗan kaɗan, ina riƙe da ɗamara ta baya. Kuma halina bai tafi ko'ina ba. Wata rana mun makara, ga rana, ga shi yana jan ƙafa kamar ba zai iso ƙofa ba, sai na daka masa tsawa, "Baba, don Allah ka yi sauri mana!" Ya tsaya. Ya cire hannunsa daga rigata da gangan. Ya gwammace ya faɗi. Jikinsa ya tafi baya, ni kuma na ƙanƙame ɗamarar na bi shi, muka sauka tare a hankali a tsakar gida. Da na duba, ya manna haɓarsa a ƙirji yadda nake gaya masa kullum. Muka zauna a ƙasa, ba wanda ya kalli wani. Na so in ce ya yafe mini, bakin nan nawa mai sauri ya ƙi buɗuwa. Can sai ya miƙo hannu ya sake kama rigata.

Bai taɓa tayar da maganar judo ba, bai kuma kira sunana ba har ƙarshe. Iyaka wata rana na ji yana ce wa Mama da ƙyar, "Gaya wa yarinyar nan ta ci abinci."

Ciwon ya dawo karo na biyu, kuma wannan karon bai tashi ba. Da aka gama shirya shi, ina bakin ƙofa cikin mata, na ga maza shida sun sunkuya da baya za su ɗaga makara, gefe ɗaya ya karkata. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "Ku lanƙwasa gwiwa! Kada ku sake shi!" Mata suka ja ni ciki suna cewa zafin rashi ne, in yi salati. Amma kafin a rufe ƙofar na ga Baffa ya dube ni, ya gyara tsayuwa, ya lanƙwasa gwiwarsa.

Ban koma zauren ba, ɗamarata ba ta taɓa canza launi kamar ta waɗanda suka ƙware ba, kwandastan nan kuma har yau bai sha dukan da na tanadar masa ba. Har gobe ina tsaki a layin banki. Abin da na samu kawai shi ne, in na ɗauki mutum, ko nauyinsa ko lamarinsa, ba na saki a tsakiyar hanya komai gajiyata. Tsawar nan da na daka wa Baba kuwa ita nake kwana da ita nake tashi. Ɗamarar tana cikin akwatina, wurin da nake riƙewa ya yi baƙi, kuma na hana kowa wanke ta. In kun karanta, ku sa mahaifina a addu'a. Allah ya jiƙansa, ya sa ya yafe mini.