Turmi a Cikin Metro

Karatu ya kawo ni Alƙahira, nahawu ya kore ni a shekara ta biyu. Tun daga nan nake kasuwar Ataba, ina yi wa 'yan kasuwar Kano tafinta, su ce min Malam a gabana, in na juya baya su ce ɗan rakiya. Abin da na tsira da shi daga makaranta bai wuce rabin littafin fassarar mafarki ba.

Matata Bahaushiyar Sudan ce. Kullum bayan sallar asuba, tana haɗa shayi, sai ta ce, "Malam, in faɗa maka na jiya?" Ta zayyana mafarkinta tsaf. Amsata ɗaya ce: "Ful ne, waken da kika ci jiya, ya yi miki yawa." Haka muka yi shekara ashirin har Allah ya karɓi abarsa, ta bar min 'ya ɗaya.

A 2013 yarinyar ta fara zuwa wani aji a Wustul Balad, tsakiyar birni, wai koyon shirya fim. Ta taɓa buɗe min kwamfuta ta nuna min finafinan Turawan da, baƙi da fari, ba magana. Mutum ya hau bene ya fito a ɗakin da ya bari. Mace ta buɗe lema, kifaye suka zubo.

"Mahaukata ne?" na ce.

"Mafarki suke ɗauka, Baba. Manyan masu shirya fim na baya duk a wurinsu suka koyi cewa hoto ba sai ya yi bayanin kansa ba."

"To ni zan yi miki bayanin kaina. Ki gama wannan zangon, khalas. Ba ki komawa."

Ba ta musa ba. Alfarma ɗaya ta roƙa: in zo ranar da za a nuna aikin ɗalibai. Na je bayan la'asar, hawa na huɗu, lif ya lalace, ina haki ina tsaki.

Nata minti biyar ne, shi ma bebe. Wata mata a cikin metro, jirgin ƙasan cikin gari, tana daka a turmi, fasinjoji ko kallonta ba sa yi. Ruwa ya fara tumbatsa daga turmin. Ƙofa ta buɗe, takalman matar suka fice su kaɗai, jirgi ya tafi da ita ba takalmi.

Takalman na sani, na matata ne. Silifa ruwan ƙasa, igiyar hagu ni na ɗaure ta da waya. A ƙasan akwatina na ɓoye su. Mafarkin ma na sani. Ashe yarinyar tana jin mu daga kan katifarta duk shekarun nan.

A cikin microbus, ƙaramar bas mai zuwa unguwarmu Madinat Nasr, tana ta jiran hukunci. Sai da muka wuce Abbasiyya na yi magana.

"Kin yi kuskure."

"Ma'alish, yi haƙuri, Baba. Da ma na san…"

"Takalman ba su bar ta ba. A bakin ƙofa suka tsaya jiranta, har ta ƙarasa dakan. Haka ta faɗa."

Ta juyo ta zuba min ido. "Ba ka ce ful ba ne?"

"Bakina ne ya ce. Kunnena lafiyarsa ƙalau."

Ta yi dariya, hawaye na zuba, har tsohuwar da ke gefenmu ta miƙo mata hankici.

"Ki koma ki gyara," na ce. "Ba a yi wa mamaci ƙarya. Kuma akwai na raƙumin da ya zo aron allura, akwai na rijiya a kan rufin gida. Kina da biro?"

Tana da shi. Muka wuce tasharmu ina faɗa tana rubutawa.